Shaidar bakanike kan abin da ke cinye motoci a Sakkwato

Ina yaro aka kai ni gareji, zamanin da 504 da 505 ke riƙe da titunan Sakkwato. Su ne motar ofis, su ne motar attajiri, su ne kuma ke jigilar fasinja zuwa Gusau da Illela da Argungu. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci tun 1975, saboda haka kayan gyaransu ba sa wuyar samu, aikinsu kuma a fili yake: kafireta, kwantak, kwandensa. Da kunne da hanci da 'yan sifanu sai ka tashi mota. A kan wannan aka horar da ni da tsararrakina, mu kuma muka horar da yaran da a yau su ne iyayen gida a Buzaye da J. Allen da sauran garejojin gari.

Motocin sun canza, hannun bai canza ba. Abin da ke shigowa gareji yanzu Corolla ne da Camry da Accord da Civic da Golf da Sharan da Hilux, mafi yawansu gwanjon Amurka da Turai da suka biyo ta Kwatano ko Legas. Kwamfuta ce ke auna musu mai da iska, injin da yawa daga cikinsu alminiyam ne sama da ƙasa, hanyoyin baƙin mai a cikinsu kuma sirara ne ƙwarai. Shaidar da zan iya bayarwa gaban kowa ita ce, mafi yawan injunan da na kwance a shekarun nan suna da sauran rai lokacin da suka buga. An yi musu hidimar 504 ne, alhali wanda ya ƙera su ya rubuta musu wata hidimar dabam.

Wannan hidimar tana cikin littafin da kowace mota ke fitowa da shi. A motar gwanjo ko dai ya ɓace tun a jirgin ruwa, ko yana kwance a aljihun gaban fasinja ba wanda ya taɓa buɗe shi. In ya ɓace ana samunsa a intanet a shafin kamfanin, da sunan mota da shekararta. Lambar cesis mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ita ke tabbatar maka da ainihin shekarar da irin injin. A cikin littafin akwai jadawali biyu: na tuƙin yau da kullum, da na yanayi mai tsanani. Karanta abin da suka kira mai tsanani: hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye, barin inji yana aiki a tsaye, zafi mai yawa, ɗaukar kaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu, daga Maris zuwa Mayu zafin da ke haura digiri 40, ga cunkoson Babbar Kasuwa, ga kai yara makaranta a dawo kafin inji ya gama ɗumi. Jadawali na biyu shi ne namu, shekara ta zagayo.

Kafin ma a yi maganar lokaci, a duba mita. Motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne. Mutum zai ce yana juye baƙin mai duk 5,000, yana nufin kilomita, alhali motarsa ta ci 8,000. Toyota ta Amurka ta rubuta mil 5,000 ko wata 6 ga mai tuƙi a hanyar ƙura, amma da sharaɗin man gaske da filtar gaske. A nan, saboda yawan jabu da ƙura, iyakar da nake ba mutane ita ce kilomita 5,000 ga mai na gama-gari, 7,000 zuwa 8,000 ga sintetik na ainihi, ko wata 6 ko da motar a rumfa ta wuni.

Irin man da inji ke so a rubuce yake a kan murfin da ake zuba shi. Corolla ta 2003 zuwa 2008 5W-30 ce, Accord ɗin Amurka ta 2003 zuwa 2007 5W-20, na baya-bayan nan kuma da yawa 0W-20. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyun kaurinsa idan ya kai digiri 100. Hujjar da kowa ke kawowa ita ce garinmu da zafi, dole sai 20W-50. To amma inji mai lafiya a wajen digiri 90 yake aiki, ko a Sakkwato yake ko a Kanada, domin tamosta, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, da fanka ne ke riƙe masa zafinsa, ba rana ba. Ban ce ba a ƙara kauri ko kaɗan ba. Littafin motocin da aka ƙera don ƙasashe masu zafi yakan ba da wannan damar, kuma injin da ya tsufa har yana shan mai nakan ɗaga shi zuwa 10W-40. Abin da ba na yi shi ne in ɗauki lafiyayyen inji mai VVT-i, wato tsarin Toyota da ke amfani da matsin baƙin mai wajen daidaita lokacin buɗe bawul, in cika shi da mai mafi kauri a kasuwa. Da asubar hunturu irin wannan man yana jinkirin hawa sama, kuma a waɗannan 'yan daƙiƙoƙin ne kamshaf da taimin cen ke guga a bushe.

Wanda ya fi kauri ɓarna shi ne man awo na bakin titi da galan ɗin da aka sake cikawa aka liƙe. Irin wannan man yana dahuwa ya zama baƙin kunu. Kunun ya fara toshe 'yar rariyar bawul ɗin VVT-i, mota ta rasa ƙarfi, tana kakkarwa a tsaye. Daga nan ya toshe babbar rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta a tukunyar ƙasa. Alamarsa fitilar mai ta riƙa ƙiftawa idan inji ya yi zafi. Wanda ya ga haka ya ce bari ya ƙarasa gida, metal zai saya, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, in bai yi sa'a ba har da karanshaf ɗin. A kashe inji nan take.

Juyen kansa yana da ƙa'ida. A ɗan ɗumama inji, a ajiye mota a wuri madaidaici, a kwance kusar ƙasa a bar man ya tsiyaye sosai. Wosha ɗin kusar sau ɗaya ake amfani da shi. Mayar da tsoho ne ke sa yaro ya ɗaure da ƙarfin tsiya har zaren tukunya ya cinye. A shafa wa robar sabuwar filta ɗan mai, a ɗaura da hannu, in ta taɓa a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Corolla da Camry mai silinda huɗu kimanin lita 4 suke ci. Galan kuwa wani lita 4 ne, wani 5, kuma sau da yawa mai mota ne ke tsaye yana cewa a juye duka tunda kuɗinsa ne. Man da ya wuce ƙima karanshaf ke kaɗawa ya yi kumfa, ya tura sil ya fara yoyo. A tayar da inji, a kashe, a jira minti 5, a duba geji: tsakanin ɗigo biyu ake so, kusa da na sama. Wanke cikin inji da kananzir ko dizal kafin a zuba sabon mai kuma tsohuwar al'ada ce da ya kamata a binne. Yana ɓamɓaro dattin da ke zaune lafiya ya kai shi rariya. Masu Camry mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 su riƙa duba geji duk mako, domin shan mai sanannen hali ne na wannan injin.

Filtar mai ta ainihi tana da bawul biyu a ciki: ɗaya yana hana man komawa ƙasa idan an kashe inji, ɗaya yana buɗe hanya idan takardar ta toshe. Jabun tana da fenti da kwali iri ɗaya, lambarta ma ta fara da 90915 kamar ta Toyota, amma in ka yanka ta za ka ga takarda 'yar kaɗan da roba mai tauri. Motar da ke yin ƙarar ƙarafa na daƙiƙa biyu ko uku duk safiya bayan an yi mata juye, filtar nake fara zargi.

Sai maganar zafi, inda aka fi yi wa motoci aika-aika. Mutum zai shigo ya ce, “Malam, hidda min abin ga, zahin garin ga ya yi mishi yawa.” Tamosta yake nufi, kuma yana so a haɗa fanka dairek, ta riƙa juyawa ba tsayawa. Nakan ce, “Alhaji, ka ba ni awa ɗaya in nemo abin da ke sa ta zafi, in ban samu ba sai mu yi magana.” Tamostan Toyota yana buɗewa a wajen digiri 82. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, sensa ta gaya wa kwamfuta har yanzu da sanyi, ita kuma ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ga shan fetur a wannan tsadar, ga ringi na cinyewa. A injuna da yawa kuma tamostan ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga lagireto ba, saboda haka cire shi na iya ƙara zafin idan an ɗauki kaya an hau babbar hanya. Fanka dairek ita kuma tana kashe motar lantarkin da ke juya ta da wuri, tana wahalar da altaneta, tana ɓoye ainihin ciwon har ranar da zai fito a tsakanin Tureta da Talata Mafara.

Ainihin ciwon yawanci ɗaya ne cikin waɗannan. Ƙura da ƙaiƙayi da fuka-fukan ƙwari sun cushe tsakanin kwandensar esi da lagireto, inda ido ba ya gani sai an kwance. A wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Ko murfin lagireto ya saki. Wannan murfin, mai 0.9 ko 1.1 a rubuce a kansa, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Da shi da ruwan sanyaya inji na gaske sai zafi ya haura 120 kafin a ga tafasa. Ko kuma cikin lagireton ne ya toshe saboda ruwan rijiya da na burtsatse. Duk wanda ya leƙa cikin butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ruwa ke bari; shi ne ke taruwa a siraran bututan lagireto, tsatsa kuma ta cinye fuka-fukan famfon ruwa. Bayan waɗannan sai motar fanka da ta gaji, sai tamostan da ya maƙale, wanda maganinsa sabo ne, sai gaskit.

Ruwan Toyota mai launin hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai, kuma bayan canjin farko littafi ya ba shi kilomita 80,000 ko shekara 5. Jan, mai kauri, rabi da rabi ake haɗa shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, marar asid. Na Honda shuɗi ne. Corolla tana cin kimanin lita 6 da rabi, kuma bayan an zuba sai an bar inji ya yi zafi an fitar da iska, in ba haka ba allura za ta riƙa hawa da sauka. Idan zafi ya kama ka a hanya, kashe esi, sauka gefe, kashe inji, ka jira. Kada ka buɗe murfi, kada ka kwara wa inji ruwan sanyi. Tof ɗin alminiyam, wato saman inji, yana lanƙwashewa.

Filtar iska a hunturu duk mako biyu ake duba ta. A ɗan bubbuga ta a hankali, a ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsawa, a canza. Hura ta da iskar mai faci yana yaga takardar ta inda ba a gani, ƙurar ta wuce ta zauna a kan sensar iska, sauran ta shiga silinda tana gurza. Daga nan sai fitilar inji ta kama. Kwance ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin salatif bai gyara komai ba. Duk motar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin da ake saka na'urar bincike. Lambar P0171 tana nufin iska ta fi fetur yawa, kuma sau da yawa sensar ce ta yi datti ko tiyon iska ya tsage. Da feshinta na musamman ake wanke ta, ba da fetur ba. P0420 kuwa maganar indomin salansa ce, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ko ta mutu ko an riga an sace ta tun kafin motar ta iso hannunka.

Man giya duka ja ne a ido, shi ya sa ake zuba kowanne. Corolla ta 2003 zuwa 2008 T-IV take sha, Camry daga 2007 WS, Honda kuma DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Corolla mai giyar CVT, wato otomatik marar matakai, daga 2014, nata dabam ne gaba ɗaya, kuma zuba mata na gama-gari hanyar sayen sabon giyabos ce. A motoci da yawa sunan man yana jikin gejin giyar. Idan aka kwance kusa kimanin lita 3 ne ke fita, sauran yana ciki. A auna abin da ya fita a mayar da daidai shi. Ina yin haka duk kilomita 50,000 zuwa 60,000. Wanda mansa ya riga ya yi baƙi yana ƙauri, a riƙa canza masa kaɗan-kaɗan, kada a tura masa sabo da injin matsi.

Golf 3 da 406 da Camry ta 1997 zuwa 2001 taimin bel gare su, roba ce, zafi da shekaru na cinta ko ba a tafiya. Ba na barin ta wuce kilomita 80,000 ko shekara 5, kuma tare da tenshina da famfon ruwa ake canza ta, domin aikin kwancewar ɗaya ne. A injin 406 mai bawul 16, in ta tsinke fistin ne ke haɗuwa da bawul. Corolla daga 2003 da Camry da Accord masu inji 2.4 sarƙa gare su, ba ta da ranar canji, man kirki kawai take nema.

Fulogin iridiyam na ainihi littafin Toyota ya ba shi mil 120,000. Ba a kankare shi da sanfefa, ba a buga bakinsa a gyara tazara kamar yadda muka saba yi wa na 504. Idan an ba ka guda huɗu a kuɗin da bai kai na ɗaya ba, ka san abin da ka saya. Araha ba ta ado, bayan 'yan watanni bakin zai cinye ya tafi da kwayil. Famfon fetur kuma a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane suka koma sayen lita biyar-biyar, tanki kullum a ja, canjin famfo ya yawaita a garejoji. A bar shi sama da kwata in da hali, a kuma rage dogaro da 'yan bumburutu, saboda ƙura da ruwan da ke shiga jarka.

Iskar taya a jikin ƙofar direba take a rubuce, yawanci 30 zuwa 33 ga ƙananan motoci. Lambar 44 ko 51 da ke jikin tayar iyakarta ce, amma ita mai faci ke bi in ba ka tsaya a kansa ba. Da safe ake aunawa kafin a yi tafiya. Taya mai zafi takan ƙara kamar 4, kuma sace mata iska a tsakiyar tafiya kuskure ne: taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa, ta yi zafi, ta fashe a kwaltar azahar. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne ranar haihuwarta. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4, kuma yawancin na gwanjo sun wuce tun kafin a sauke su. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana tsotsar danshi, a canza shi duk shekara 2 zuwa 3. In ya ragu, ko dai birkin ya cinye ko akwai yoyo; ƙara mai kawai rufe ido ne, zuba masa man giya kuma yana kumbura duk robobin ciki.

Batir mai lafiya 12.6 yake nunawa a kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. Da mita ake gwadawa. Cire kan batir inji na tafiya don a ga ko caji na yi, dabarar zamanin kafireta ce, a motar yau tana iya ƙona kwamfuta.

Masu sabuwar mota daga dila, galibi ma'aikatu da ƙungiyoyi da 'yan kwangila masu Hilux, su nasu tsarin a rubuce yake: littafin sabis da ake buga wa hatimi, da garantin da ke faɗuwa idan an tsallake lokaci ko an saka kayan da ba na kamfani ba. Wani lokaci akan sayar musu da yarjejeniyar sabis ta shekaru ko ta kilomita. Kafin a sa hannu a tambayi abin da ta ƙunsa, domin yawanci mai ne da filtoci da kuɗin aiki, ban da taya da batir da birki. A kuma tambayi inda za a riƙa kai motar. Idan cibiyar da aka amince da ita tana Kano, zuwa da dawowa kaɗai ya kai kilomita 1,000, kashi ɗaya cikin biyar na tazarar sabis ɗin kenan in kilomita 5,000 ce, ga kwanan direba, ga halin da hanyar take ciki.

Sauranmu masu gwanjo, tsarin da ya fi dacewa shi ne a ɗaure hidima da yanayin shekara. Ƙarshen Fabrairu, kafin bazara ta kankama, a wanke lagireto da kwandensa, a gwada murfi da fanka da batir, a canza filtar esi da ke bayan aljihun gaba. Kafin ruwan Yuni a duba waifa da birki da robobin shaf, domin robar da ta tsage in ta sha ruwa da yashi, shaf ɗin gaba ɗaya za a saya. Shigowar hunturu, sabuwar filtar iska. Hajiyar da direba ke kai wa mota gareji, da Alhajin da ba ya iya tsayawa, su sayi kayan da kansu a wurin dila ɗaya da suka sani, su karɓi rasit, su ce a kawo musu tsohon da aka cire da galan ɗin da aka juye.

Motar da aka sayo yau kuwa, a ɗauka ba a san komai game da ita ba, ko da mai sayarwa ya rantse. A makon farko a juye baƙin mai da filta, a duba launin man giya da na birki, a leƙa a tabbatar tamosta na nan kuma fanka na tashi da kanta tana tsayawa da kanta, a zubar da abin da ke cikin lagireto a zuba na kamfani, a karanta shekarun tayoyi har da safaya, a saka na'ura a ga lambobin da ke ɓoye. In mai bel ce, a canza bel ɗin ba tare da jiran hujja ba. Sannan a sayi ƙaramin littafi a ajiye a aljihun gaba, a rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna, mil ne ko kilomita, da sunan man da aka zuba da yawansa.